Kawuna da Ya Koma Ɗalibi da Furfura

Ban iske gawarsa ba. Lokacin da motar Maraɗi ta sauke ni a Gazawa, na hau kabu-kabu zuwa ƙauyenmu, an riga an dawo daga maƙabarta. Tun daga bakin rijiya na fara cin karo da maza suna tafe da jar ƙasa a ƙafafun wandunansu. Duk wanda ya gan ni sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Sai haƙuri, ɗiyata."

A tsakar gida na iske Inna, mahaifiyata, wadda take ƙanwarsa ciki ɗaya. Ba ta kuka. Ta miƙe ƙafafu a kan tabarma tana kallon takalminsa da ke ƙofar ɗaki, mata suna shigowa suna gaishe ta, ita kuwa amsa ɗaya take ba kowa: "Yaya ya tafi." Matarsa, da muke kira Iya, tana cikin ɗaki an lulluɓe ta.

A waje kuwa mutane sun cika gindin bishiyar bedi har sun kwararo kan hanya. Wasu daga Agiye, wasu daga Tibiri, wasu daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Na ga wani ƙaton jandarma da ya taso tun daga Gidan Rumji, ya zaga bayan rumbu ya tsuguna, ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa. Da aka je ba shi haƙuri sai ya ce, "Shi ya kama hannuna na rubuta sunana. Hannun nan." Ya ɗaga shi yana nuna wa mutane.

Wani tsoho a cikin masu zaman makoki ya nisa ya ce, "To, yau kam Mushe ya huta da karatu." Na kusa da shi ya ce, "Shi? Ba ka san shi ba ke nan." Suka fara dariya, dariyar ta karye musu a wuya.

Can gefe guda akwai wasu 'yan mata da matan aure, wasu da goyo, sun rakuɓe jikin katanga. Ba dangi ba ne, ba kuma tsofaffin ɗalibansa na lakol ba. Ba wanda ya san inda zai zaunar da su. Ni na san su, don tare muka yi zaman kan tudu. Da muka haɗa ido, a nan kukana ya zo.

Ƙauyenmu ba ya rubuta mutanensa. Ana tuna mutum har a yi sadakar arba'in, daga nan sai damina ta zo kowa ya kama gonarsa. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da na sani na Kawu, tun muryarsa ba ta dushe mini a kunne ba.

Mushe kowa ke ce masa, yadda ake kiran malamin lakol a wajenmu. Ya koyar a ƙauyuka tun daga wajen Sae Sabuwa har ƙasar Agiye, sau da yawa a kilas, wato aji, na zana, wanda in iska ta taso sai malam da yara su tashi su riƙe. Ba ya duka. In yaro ya ce, "Mushe, ban iya ba," sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Ba ka iya ba tukuna. Ka manta tukuna. Sake faɗi." Har bayan ya ajiye aiki ba a raba aljihunsa da guntun alli. Ƙyauren gidansa, jikin rumbu, bayan kwanon awo, duk ya yi musu rubutu. Iya ta sha wanke riga ta iske ruwan ya yi fari.

Inna ta ba ni labarin cewa yana saurayi ya so ya tafi jami'a a Yamai ya karanci kimiyya. A shekarar ne mahaifinsu ya rasu, gero bai yi ba, gida cike da bakuna, shi kaɗai ke da takardar da za ta kawo albashi. Ya karɓi alli. Bai taɓa yi wa kowa ƙorafi ba, sai dai in an ambaci jami'a a gabansa yakan shiga gyara zaman hularsa.

Babban ɗansa, tela ne a Maraɗi, shi ya kawo masa salula irin ta shafawa don ya riƙa ganin jikokinsa. Ina wurin ranar. Yana nuna masa yadda ake taɓa nan da can, sai ya ce, "Baba, har karatun jami'a akwai a ciki. Manyan malamai na ƙasashen waje suna koyarwa, kowa na iya shiga."

Kawu ya ce, "Nawa a ke biya?"

"Kyauta."

"Kai, duba da kyau. Jami'a ba ta kyauta."

"Wallahi Baba kyauta. Sunanka kawai za ka sa."

"Ba su tambayar shekaru?"

"Ba su tambaya."

Kawu ya karɓi salular da hannu biyu, ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya ce a hankali, "To sa sunana. Sa shi duka, har da na ubana."

Ba a jima ba ya gane kyautar tana da wuya. Karatun ne ba a biya, amma hanyar zuwa gare shi sai an biya. Bidiyo ɗaya ya lashe mega ɗin intanet da mutum ya saya don sati. Caji sai an kai wa mai shago da ke da pano na hasken rana, a bar salular can ta yini. Rezo kuma, wato sabis ɗin waya, a cikin gari sai dai a yi kira, shi ma da ƙyar. Kawu ya bi ƙauye lungu-lungu da salula a sama kamar mai neman ɓataccen tsuntsu, har ya gano wuri ɗaya da rezo ke tsayawa: kan tudun gonar yayansa, Kawu Babba, ƙarƙashin wani tsohon gawo.

Nan ya zama jami'arsa. Da hantsi sai ya ɗauki buzu da buta da tabarau, ya hau. Masu amalanke in sun wuce su ɗaga murya, "Mushe, an shiga kilas?" Ya ce, "An shiga, malam ne bai iso ba." Yana nufin ɗan da'irar nan da ke juyawa a fuskar salula, bidiyo ya ƙi buɗewa. Wata rana haka zai yini bai ji kalma goma ba. Ya sauko, ya ci tuwo, gobe ya koma. Ya fara da lissafi, ya shiga ilimin ƙasa da ruwa, ya leƙa na jikin ɗan Adam. In ya ci wata 'yar jarrabawa, duk wanda ya fara haɗuwa da shi a hanya sai ya ji labari, ko da Bafulatanin da ke kora shanu ne.

Rigimarsa da Kawu Babba da damina ta tashi. Gawo, kowa ya sani, da damina yake zubar da ganye, saboda haka babu inuwa, ga gero ya kai gwiwa. Kawu Babba ya zo duba noma ya iske ƙanensa zaune a tsakiyar shuka, ya ɗora gefen rawani a ka, gumi na ɗiga a kan salula.

Ya ce, "Kai ba ka jin kunya? Sa'o'inka suna masallaci da carbi, kai kana nan kana kallon Nasara. Mi za ka yi da shi? Aiki za su ba ka, ko cikin kabari za ka shiga da shi?"

Kawu ya ce, "Yaya, carbina na aljihuna. Wannan ma aikin Allah nike dubawa."

"To tashi ka dube shi wani wuri. Kana tattake mini gero."

Kawu ya naɗe buzunsa ya tashi. Ya koma bakin hanya, gefen gonar, inda rezo ke zuwa yana tafiya, ya ci gaba da zama cikin rana tsirara. Suka daina magana. A masallaci sai su tsaya sahu ɗaya, a yi sallama kowa ya juya. Inna ta yi ta kai-komo tsakaninsu har ta gaji. Rana ta buge Kawu ya kwanta kwanaki da zazzaɓi, yayan bai leƙo ba.

Ranar da ya ji sauƙi ya hau tudu, sai ya iske rumfa a daidai tsohon wurinsa. Sababbin dirkoki, zana mai kauri, an share ƙasa, an cire geron da ke wurin. Ya sauko ya tafi gidan yayansa ya tsaya a zaure.

"Yaya, na ga aiki."

Kawu Babba bai ɗago daga igiyar da yake tufka ba. Ya ce, "Don awaki na yi."

Ba a taɓa kai akuya tudun nan ba. Kawu ya zauna ya kama masa bakin igiyar, shi ke nan rigima ta mutu.

Ni kuwa a lokacin ina gida. Na faɗi jarrabawar birebe ta ƙarshen kolej, na sake, na sake faɗi. Na tattara littattafaina na cusa a buhu, na kama saƙar hula. Sunan kakata aka sa mini, mahaifiyarsu, don haka Kawu bai taɓa kirana da suna ba. Wata safiya ya shigo ya iske ni da allura a hannu.

"Uwata, tashi mu je."

"Ina, Kawu?"

"Kilas."

Na ce, "Kawu, kaina ba ya ɗaukar karatu."

Ya ɗaga yatsa. Ban bari ya faɗa ba, na ce, "Tukuna." Ya ce, "To ɗauko mayafinki."

Haka ya bi gida-gida ya tattaro mu, mu da lakol ta zubar a hanya. Ya roƙi iyaye, ya roƙi mazajen wasu. Muka riƙa haɗuwa a rumfar nan, kawunanmu a haɗe kan salula ɗaya. Ya zaɓa mana darasi kan abincin yara ƙanana da lafiyarsu. Matar da ke koyarwa Faransancinta gudu yake kamar an biyo ta. Kawu ya tsayar da ita da yatsa, ya ce, "Dakata, Madam," ya juya mana da Hausa. In ta lissafo abincin da ba mu taɓa gani ba, sai ya ce, "Wannan ba ta san kasuwar Gazawa ba. Ku sa wake a nan. Ku sa zogale. Ku sa ƙuli-ƙuli." Mu yi ta dariya, amma yana shiga.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne darussan da ya fi so da yawa da Ingilishi suke, shi kuwa ba ya ji. Yakan buɗe su ya yi ta kallon hotuna, ya ce, "Ga rumbu cike, an liƙe bakinsa." Da Hausa kam bai sami ko ɗaya ba. Rannan ya zauna ya tsara saƙo da Faransancinsa na tsofaffin malamai, ya aika wa masu darasin, yana roƙo a juya shi da harshenmu, ya ce shi zai taimaka ba sai an ba shi kome ba. Kafin ya gyara zama amsa ta iso, cike da godiya da girmamawa. Ya yi murna kamar yaro ranar salla. Ya karanta wa liman, ya karanta wa mai shago. Sai da ɗansa ya zo daga Maraɗi ya duba, ya ce, "Baba, wannan inji ne. Kowa ya rubuta haka zai samu."

Kawu ya yi 'yar dariya. "Ashe inji ne ya gaishe ni. Ni kuwa har na ce masa Allah shi yi albarka." Ya ci gaba da jiran mutum ya amsa. Ba wanda ya amsa.

'Yan rumfa suka yi ta raguwa. Wannan mijinta ya tafi ci-rani ya bar mata gona, waccan ta haihu, wata gidansu ba mai ɗebo ruwa sai ita. Kawu bai zargi kowa ba. Yakan ce, "An ce karatun na kowa ne. Na kowa mai caji, mai rezo, mai wanda zai daka masa hura." Duk wadda ta bari, in ya haɗu da ita a hanya sai ya tsaya ya ba ta darasin ranar a tsaye, tulu a kanta.

Ni na kai ƙarshe. Masu darasin suka aiko takardar shaida a salula, da sunana a tsakiya. Kawu ya kai aka buga ta a Agiye a kan takarda mai kauri. Da muka ji wani buro, wato ofis, yana neman mata masu zagaya ƙauyuka kan lafiyar yara, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, muka shiga mota tare.

Mutumin da ke bayan tebur yana ganin sa ya miƙe tsaye, ashe tsohon ɗalibinsa ne. Ya ba shi kujerarsa. Ya karɓi takardata ya juya ta gaba da baya, sannan ya dubi Kawu.

"Mushe, ka gafarce ni. Wannan ba ta cikin takardun da aka ce mu karɓa. Birebe a ke so."

Kawu ya ce, "Yi mata tambaya. Kowace iri. Ta san aikin."

"Na yarda ta sani, Mushe. Ba ni ke da iko ba."

Ya rako mu har bakin titi yana ba da haƙuri. Ni da Kawu muka shiga mota. Yana riƙe da takardar a kan gwiwarsa da hannu biyu don kada ta lanƙwashe. Sai da muka sauka a Gazawa, muka kama hanyar ƙauye da ƙafa, ya tsaya a gindin wata tsamiya. Ya juyo ya dube ni.

"Uwata, ki yafe mini. Ni na ce miki za ta buɗe ƙofa."

Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Na karɓi butarsa na riƙe masa.

Washegari da hantsi sai ga shi a ƙofar gidanmu da buzu a kafaɗa. Ya ce, "Tunda wadda suka sani suke so, ita za mu nemo musu. Zazzage buhun littattafan nan." A cikin salular ya tono darussan lissafi da na kimiyya na 'yan kolej, su ma kyauta. Abin da malamai suka bi da gudu a kilas mai cunkoso, a rumfa muka mai da shi baya, muka sake, muka sake, har ya zauna. Na shiga birebe daga gida, ba ta hannun kolej ba. Ranar da sakamako ya fito, Kawu ya yanka zakaran Iya ba tare da ya tambaye ta ba, ya aika wa Kawu Babba cinya. Da wannan takardar na shiga lakol ta aikin lafiya a Maraɗi, inda nake har yanzu.

Zuwana hutu na ƙarshe na ga ƙafafunsa sun kumbura, hawan tudu ya fara gagarar sa, idonsa ma ya yi rauni. Na ce mu je gidan likita. Ya je, aka ba shi magani, ya dawo yana yi mini bayanin yadda zuciya ke tura jini, wai ya riga ya karanta. Da zan koma ya rako ni bakin zaure kawai, ya ce, "Ki yi ta tambaya. Ko sun gaji da ke."

Da ciwon ya kayar da shi ina tsakiyar jarrabawa. Ya hana a kira ni. Inna ta ce har rantsuwa ya sa ta yi.

Bayan an yi sadakar uku, mutane sun ragu, na shiga ɗakin Iya da la'asar. Ita ba ta taɓa shiga lakol ba. Duk shekarun nan ita ce mai faɗan kuɗin cefane da ke tafiya a mega, ita ce mai cewa salular nan kishiyar tukunyarta ce. Ta jawo ni kusa da ita, ta ce, "Zauna in gaya miki wani abu."

Ta ce ana gobe zai rasu, da azahar, ya ce ta ɗauko salular. Akwai wani darasi da ya sauke tun yana iya hawa tudu. Hannunsa ba ya iya riƙewa, sai ita ta riƙe masa a kunne. Wani mutum yana ta magana da Faransanci, Kawu ya lumshe ido yana gyaɗa kai.

"Sai na ce, Mushe, wai mi yake cewa ne? Ɗiyata, tunda aka kawo abin nan gidan nan ban taɓa tambaya ba. Ya buɗe ido ya dube ni, ya ce, kina son ki ji? Na ce ina so. Ya ce labarin ruwan sama ne. Ya ce can kudu, bayan ƙasashe, akwai teku. Rana na dafa shi kamar yadda nike dafa ruwa, tururi na tashi ba a gani. Iska ta ɗauko shi ta yi ta tafiya da shi, ta wuce daji, ta wuce garuruwa, har ta kawo shi bisa gonarmu. Can sama akwai sanyi, sai tururin ya taru, kamar yadda yake taruwa a murfin tukunya. Ya ce shi ne hadarin da kike gani. Ya ce, sake faɗi. Na faɗa masa duka. Ya ce, kin iya."

Ta goge ido da bakin zane.

"Na gane, ɗiyata. Wallahi na gane. Da tsufana. Sai na ce, to mi ke sa wani hadarin ya zubo, wani ya taru ya yi baƙi ya wuce mu? Ya yi murmushi, ya ce, wannan tambaya ce ta ɗalibin kirki. Na gaji yanzu. Gobe in gaya miki."

Da safe, bayan ya yi salla a zaune, Allah ya karɓi abinsa.

Iya ta kama hannuna ta matse. Ta ce, "Ke da kika yi karatu wurinsa, kin san sauran?"

Na buɗe baki. Ban sani ba. Ba mu kai nan ba. Na kifa kaina a cinyarta, ita ta koma tana lallashina.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, tsoho mai yawan tambaya. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya masa ƙasar da ya kwanta a ciki. Mu da ya bari, Ka ba mu haƙurin rashinsa.